Tankar da Bindigarta ke Kallon Baya

Ina layin mai wake a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira da kwano a hannu, abokin karatunmu Mahamadu ɗan Maraɗi ya dafa kafaɗata. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Malam Sani, bar waken nan. Isiyaku ya cika bayan asuba." Kwanansa biyar a asibiti da zazzaɓi. A watan nan aka cika shekara arba'in da ɗaya da wannan safiya.

Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya da Isiyaku a Alƙahira, muna karatun shari'a. Mahaifinsa, Baba Kofur, ya taɓa zuwa Masar a sojan Ingila wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu, yana cikin masu gadi da dakon kaya. Da ya koma ƙauye ya ce ya ga tankar yaƙi marar rufi wadda bindigarta ke kallon baya. Aka yi ta dariya. Duk wanda ya shara ƙarya a majalisa sai a ce, "To, Kofur, mun ji." Isiyaku ya gaya mini shi ma ya yi wannan dariya, kuma a gaban tsohon.

Wata Juma'a Isiyaku ya faɗo ɗaki ko takalmi bai cire ba. Ya ce, "Sani, wallahi tsohon nan gaskiya ya faɗa. Na taɓa ta da hannuna." A wani fili da aka jera tsofaffin kayan yaƙi ya gan ta.

Ya bi masu sayar da tsofaffin littattafai har ya gano dalili. Da yaƙi ya yi nisa, jikin tankoki ya yi kauri, ƙananan bindigogi suka daina huda su. Sai aka ɗora ƙatuwar bindiga a kan gangar jikin wata tsohuwar tanka don farautar sauran. Bindigar ta yi tsawo, ba ta zaunu ba sai da aka juya bakinta baya. Hakan ya zama amfani: ta laɓe, ta harba, ta wuce ba sai ta juya ba.

An hana ɗaukar hoto a wurin, kuma hoto ba zai yi wa Baba Kofur komai ba, don idonsa ya riga ya tafi. Isiyaku ya ce sai abin da tsoho zai shafa, don haka zai ƙera masa ƙaramar irinta. Ya riƙa komawa yana auna ta da igiya, mai gadi na korarsa da Larabci, yana cewa yalla, yalla, shi kuma yana ta ba shi haƙuri. Kowane kamu ya mayar da shi faɗin yatsa biyu. Gwangwanin kifi ya zama jiki, ƙarfen laima ya zama bindiga, murafen kwalba suka zama ƙafafu. Kujerun ciki ya bar su wayam, ya ce ba ya ƙera mai rai.

Mahamadu yakan ce, "Ustaz, fiƙihu aka turo ka karanta ko ƙira?" Shi kuma ya ba shi haƙuri irin na Misrawa, ya ce, "Ma'alish, cinye kifin ka miƙo gwangwanin."

Yau jikokina kan nuna mini irin wannan tanka a waya kafin in gama tambaya. Har ta roba ake sayarwa a kwali, sai dai ka harhaɗa. Ina jin da Isiyaku na raye zai yi murna, sannan ya ce abin ya yi sauƙi da yawa. Ban sani ba ko zai yi mamakin cewa a ƙauyensu ba sauran mai tuna wane ne Kofur.

A Alƙahira muka binne shi. Na rubuta wa Baba takardar ta'aziyya, ban ambaci tanka ba, don ina so ya ji da yatsunsa. Na dawo gida da ita a akwati. Sarƙar ƙafafun hagu ce kaɗai ta rage. Na ce ba zan kai masa abu rabi ba, sai na ƙarasa. Hannuna bai iya ba. Aiki ya zo, aure ya zo, damina biyu suka wuce. Ranar da na isa ƙauyen, na tarar an yi sadakar bakwai ɗin Baba Kofur.

Abin da ya rage mini na Isiyaku shi ne mutumin da ya gane ya yi wa ubansa dariya bisa kuskure, ya zauna yana yanka gwangwani don ya gyara. Allah Ya gafarta musu su biyun. Tankar tana kan kantar littattafaina, bindigarta na kallon bango. Har yau ban ɗaura mata sarƙar hagu ba.