Kujerar Yaya

Mai Agogo ake ce masa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan, gilashi a ido ɗaya, yana tonon cikin agogunan mutane. Da ƙodojinsa suka mutu, yayarsa ce ta ba shi tata guda. Ita ta goya shi yana jariri, kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Ranar da za a shiga da su tiyata ta ce masa ya riƙe mata kayanta amana, in ya wulaƙanta za ta zo ta karɓe.

A ƙasan cikinsa ta dama aka dasa ta, inda hannu ke iya taɓawa. Safe da yamma yana shan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, don kada jikinsa ya ga baƙuwa ya far mata. Saboda kada ya manta, ya saita duk agogunan shagon su buga tare a lokacin maganin, har da na mutanen da suka kawo gyara suka mutu ba su karɓa ba.

Duk wata sai ya je asibiti gwajin jini. A ɗakin jiran masu dashe akan bar kujera ɗaya babu kowa tsakanin mutum da mutum, don gudun ɗaukar cuta. Amma su masu dashen sun ce kujerar mai ƙoda ce, wato wanda ya bayar da ita, ba a zama a kai, ko jaka ba a ɗorawa. Gaisuwarsu ma daban take: ba a tambayar jiki, sai a ce ya baƙuwa.

Bayan shekaru Yaya ta rasu, ciwon kwana kaɗan. Ba a yi arba'in ba likita ta kira shi. Ta ce wata ƙwayar cuta ta bayyana a jininsa, irin wadda ke kwanciya barci a cikin ƙoda shekara da shekaru, mai yiwuwa ma tare da ƙodar ta zo. Ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ciwo, gwaji kaɗai ke ganinta, tana cin ƙodar a hankali. Ba ta da wani magani sai a rage masa maganin da yake sha, garkuwar jiki ta ɗan farka ta yaƙe ta.

Abin da ya yi barci duk tsawon rayuwar Yaya, me ya tashe shi yanzu?

"Likita, in garkuwar ta farka, ba za ta taɓa ƙodar ba?"

"Tana iya taɓawa. Shi ya sa za mu rage kaɗan, mu riƙa dubawa."

Ya ce to, amma to ɗin baki ne. Ɗan'uwa rabin jiki, in ji masu magana, shi kuwa abin da ya rage na Yaya a bayan ƙasa yana ƙarƙashin tafinsa, da ɗumi. Ya ji tayar da garkuwar nan kamar kwance wa Yaya karnuka ne, ba zai iya ba. Akwai wani direba, abokin zamansa a ɗakin jira, da ya rasu ya bar magani cike da leda. Matarsa ta ba Mai Agogo don kada a yi asara. Da agogunan suka buga, sai ya sha nasa ya cika da na mamaci.

Wata bayan wata ƙwayar cutar na ƙaruwa. Likita ta sake rage magani, shi ya sake cikawa. Nas ɗin da ke ɗibar jini, wadda suke tsokana da Hannu-Sanyi, ta daina yi masa wasa. Shi kuwa garau yake ji, har ƙiba ya yi, wannan ne ma abin tsoron. In ya zauna a ɗakin jira yakan ji gefen kujerar damansa da ɗumi kamar yanzu aka tashi, ya ɗauka godiya ake yi masa.

Matar Mai Agogo ce ta ga leda mai sunan wani a bayan babban agogon bango, ta kai asibiti tana kuka. Ashe an makara. Garin neman gira an rasa ido: cutar ta cinye ƙodar, ta daina aiki. Likita ta fara faɗa, da ta dubi fuskarsa sai ta sassauta. Abu ɗaya ya tambaya, ko za su cire ta. Aka ce a'a, a nan za a bar ta.

Yanzu layin wankin ƙoda yake bi, a barandar ƙasa, inda ake zama kafaɗa da kafaɗa. Ranar farko ya bar kujerar damansa kamar yadda ya saba. Wata tsohuwa ta zo da sanda ta tsaya a kansa.

"Ɗana, da mutum a nan?"

Ya kai hannu ya taɓa kujerar. Sanyi ƙalau.

"Babu kowa, Baba. Zauna."