Daɓen ɗakin Inna

Akwai wata yarinya da muka yi makarantar kwana tare. Wata ranar ziyara Inna ta kawo min dambu. Daga wajen daɓen ɗakinta ta taso, ko wanka ba ta tsaya yi ba don kada ta rasa mota, ruwan makuba ya rine mata hannu har gwiwa. Yarinyar nan ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan uwarki ce ko leburar gidanku?" Aka kwashe da dariya, tata ta fi ta kowa ƙara. Inna ta miƙa min kwanon ta juya. Ban ci dambun nan ba, ban kuma yafe ba.

Bara sai ga yarinyar nan, ta zama babbar mace, a shagon ɗinkina a Fadaman Mada, ta dawo daga Turai da 'ya'ya mata biyu da ko "sannu" ba su iya ba. Wai can ta ga ana yawon kallon tsofaffin gidaje da coci-coci a wani gari cikin duwatsu, shi ne ta tuna Bauchi ma tana da nata. Ko zan zagaya da su, tunda tare muka yi makaranta? Na ce me zai hana. Rama cuta ga macuci ibada ne.

Maƙwabcina mai sayar da kayan babur ya kai mu tsohuwar cocinsu, mai kaurin bango, bencinan sun sha zama har suna sheƙi. Ta yi ta ɗaukar hoto. Daga nan muka faɗa cikin gari, zaure zuwa zaure, tana ɗaga kai tana yaba azara, tana yi wa yaran bayani da Turanci. Ni dai ina gaba ina jan ta a hankali kamar mai kai akuya kasuwa. Gidanmu na bari ƙarshe, ban kuma ce namu ba ne.

Ɗakin Inna har yau daɓe ne, ta hana a zuba siminti. Muka tarar da ita kan tabarma. Baƙuwar ta cire takalmi ta tsuguna tana shafa ƙasan, sumul kamar bayan ƙwarya. Ni kuwa na gama shirya maganar da zan yaɓa mata.

"Sannu, Mama. Wallahi a nan ya kamata mutum ya kwana," ta ce, ta yi dariya.

Inna ta ɗago ta daɗe tana kallonta. Ba ta taɓa tayar da zancen ranar nan ba, har na ɗauka ta manta.

"'Yar nan, dariyarki ba ta canza ba," in ji Inna.

Hannun matar ya tsaya cak a kan daɓen. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Babbar 'yar ta taɓa kafaɗarta tana tambaya me tsohuwar ta ce.

Ni na fassara wa 'yar, tun daga ranar dambun nan, ban rage ko kalma ɗaya ba.