Yammacin da Iya Ta Kai Ƙanena Juji

Har yau idan na ji ƙamshin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, mai ɗaci-ɗacin nan, sai in ga kaina zaune a kan kifaffen turmi a gidanmu na kusa da Tiga, tafin ƙafata na shan ɗumin wuta. Wutar ruwan jego ce. Ummanmu ta haihu, Gwaggo Tasalla ungozoma, maƙwabciyarmu, tana zuwa safe da yamma ta yi mata wanka, in an sauke tukunya sai garwashi ya zama namu. Nan muke taruwa bayan magariba, ni da yaran maƙwabta, mu kewaye Iya, mahaifiyar Babanmu.

Iya ba ta cika yi mana tatsuniyar dabbobi ba. Sunaye ne abin hirarta. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan dam, takan ce gidaje sun nutse amma sunaye sun yi iyo sun fito. Sai ta ɗauko mutum guda ta warware mana shi. Mantau mai gyaran komar kamun kifi ya zo duniya bayan uwarsa ta fid da rai da haihuwa har ta manta. Audi bai ga mahaifinsa ba, yana ciki aka binne uban. Korau kuwa a gidan kakanninsa aka yanke masa cibi, don an saki uwarsa da tsohon ciki. Akwai Nomau da ya faɗo ana tsakiyar noma, da Shekarau da aka ce ya ƙi fitowa da wuri. Na taɓa tambayarta me ya sa ni ban da irin wannan suna.

"Ke ai da sun bar ni, Aku zan sa miki," in ji ta. "Tun a zanin goyo bakinki bai huta ba."

Amma a makon nan dariyarmu ba ta da ƙarfi. Kafin wannan jaririn Umma ta haifi maza biyu, ɗaya tana kiransa Sarki, ɗaya Yarima, kuma babu wanda ya kai rarrafe. Na fara jin mata suna raɗa kalmar mai wabi a bakin rijiya, wato macen da 'ya'yanta ba sa tsayawa. Da na ukun ya zo, Umma ta juya fuskarta bango. Ba ta kallonsa, ba ta yi masa wasa. Sai Iya ta ɗora mata shi a ƙirji, ita kuwa idonta na kan rufin ɗaki har a ɗauke shi. Kunun kanwa yakan huce a kwano ba ta taɓa ba. A asibiti an ce lafiyar yaro ƙalau, uwar ce ya kamata ta ci ta sha don nono ya kawo. Nono bai kawo ba. Kukansa ya fara sirancewa kamar na ɗan kyanwa.

Ana jajibirin suna na ji Iya ta tsayar da Baba a tsakar gida, ya dawo daga fadama da laka a ƙafa. Ta ce za ta kai yaron juji. Al'adar mutanen da ce: ɗan da aka ji tsoron zai bi 'yan uwansa, sai a ajiye shi a kan tarin shara kamar ba a son sa, a ɗauko shi, daga nan a riƙa kiransa Ajuji. Baba ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Iya, rai da ajali na Allah ne. Juji ba ya ƙara wa kowa kwana."

"Na riga ka sani," ta ce. "Wanda ya bar mini kai, shi ya karɓi na gabanka."

Baba ya ɗauki buta ya nufi masallaci.

Ran nan Gwaggo Tasalla ba ta tsaya hira ba, tana gama wanka ta yi sallama. Iya ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, amma maimakon ta fuskance mu sai ta juya ta wajen ƙofar ɗakin Umma, ta kuma ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

"Ta iso, muna ji," muka amsa.

Wai akwai wata tsuntsuwa a zamanin da, ba ta gani sosai amma tana jin motsin tururuwa. Takan sauka a kan jinka ta kasa kunne. Duk yaron da ta ji ana kiransa da suna mai daɗi, sai ta ce lallai wannan abu ne mai tsada, ta sure shi ta yi sama. Wata mata a bakin kogi ta haifi ɗa ta sa masa suna mai ƙyalli, tsuntsuwa ta ɗauke. Ta sake haihuwa, ta sake sa wani, aka ɗauke. Da na uku ya zo sai ta ce ta gano dabara: ba za ta kira shi ba, ba za ta dube shi ba, ba za ta bari zuciyarta ta san da shi ba. Tsuntsuwa ta zo ta sauka, ta saurara. Ta ji numfashin jariri, amma ba ta ji muryar uwa ba. Sai ta ce, ashe wannan ba shi da mai shi, ba sai na yi sata ba ma. Ta sauko daga jinka, ta taka da ƙafa zuwa bakin ƙofa.

Nan Iya ta katse labarin. Itace ya fashe a wuta.

"Sai me, Iya?" na tambaya.

"Sai mu gani."

Ta miƙe ta shiga ɗakin Umma, ta fito da jaririn a naɗe cikin tsohon zani, ta zaga bayan gida inda jujinmu yake, kusa da danga. Yaran maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Da ta dawo hannunta babu komai. Ta zauna, ta tura itace cikin wuta, ta ce da ƙarfi, ba tare da ta kalli kowa ba:

"Tunda ba mai so, na kai shi inda ake kai abin da ba a so."

Sai kukan ya taso daga bayan gida, siriri, yana yankewa yana dawowa. Na tuna cinnakun da ke wurin, da sauron da ke tasowa daga ruwa da zarar rana ta faɗi, da karen da ke tonon tokar. Na zabura, Iya ta cafke wuyan hannuna.

"Zauna. Ba naki ba ne."

Tafinta sanyi ƙalau. Asabarin ƙofar Umma bai motsa ba. Kukan ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Ban san tsawon shirun nan ba. Na dai san na ga leɓen Iya na motsi da salati.

Asabari ya faɗi ƙasa. Umma, wadda tun haihuwar take dafa bango kafin ta taka, ta wuce mu da gudu, ba ɗankwali ba takalmi. Da ta dawo gwiwoyinta duk toka, yaron na cikin zaninta manne da ƙirji. Ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dubi surukarta ba sai ranar.

"Iya, ɗana ne."

"To, kira shi mu ji."

Umma ta sunkuya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Ajuji," ta ce a hankali. Ta zauna a kan turmina ta ba shi nono, hawaye na ɗiga a goshinsa. Can ta ce in miƙo mata kwanon kunu.

Baba ya shigo bayan isha ya same su haka. Ya tsaya, ya dubi tokar, ya dubi kwanon da aka shanye, ya wuce ɗaki. Da safe liman ya raɗa wa yaro suna Yahaya, amma ban da takardun makaranta ba inda sunan ya zauna. Washegari Iya ta ƙarasa mana tatsuniyar: matar ta farga ta ƙwala kira, Ajuji, tsuntsuwa ta ɗauka an jefar da shi a juji, ta tafi can tono. Ita ce ungulu, wai, shi ya sa har yau take bin juji, toka ta cinye mata gashin kai.

Na girma ina ƙaunar Iya, ina kuma jin haushin wannan yammacin. Ra'ayin Baba na bi, juji ba ya ƙara kwana. Sai da na yi nisa a karatu na fara tunanin ba mutuwa ake yaudara da irin waɗannan sunaye ba. Uwar da tsoro ya ɗaure ce ake ba wata ƙaramar ƙofa ta bi ta so ɗanta. Duk da haka, in na kalli Ajuji, wanda yanzu ya fi Baba tsawo, yana ɗora kwandunan tumatir a babur, nakan tambayi kaina yadda tsohuwa mai tausayi ta iya barin jariri shi kaɗai a duhu.

A zaman makokin Iya ne Gwaggo Tasalla ta ba ni amsa, tana ɓare gyaɗa. Ta ce a al'ada uwa ba ta ɗauko ɗan da aka kai juji, wata mace ce ke tsinto shi, kuma ita aka shirya. Sallamar da ta yi ran nan ba gida ta tafi ba. Tana tsugune a jikin danga, Iya ta ce kada ta ɗaga shi sai in an kira isha Umma ba ta fito ba. Tana kore masa sauro da gefen mayafinta, da kukan ya yi yawa ta sa masa ɗan yatsanta a baki ya tsotsa. Shirun da ya fito da Umma ke nan.