Billen da Na Goge

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba mai hoto. Tsofaffin Gwammaja da na gindin Dala sun san shi. Yaran yanzu kuwa ko shagon ba su tarar ba, cajin waya ake yi a wurin. Duk shekara iyaka in tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a. Bana na ce sai na rubuta, domin akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, ga shi ƙarfi ya fara ja baya.

Tare muka buɗe shagon. Shi yake ɗauka, ni nake wankewa da gyarawa. Gyara a lokacin da fensir ake yi: ka ɗora fim a kan gilashi, haske na bugowa ta ƙasa, ka bi fuska a hankali kana cike ƙuraje da tabo. In hoto ya fito, mutum ya ga kansa kamar ango. Da wannan aka san ni, ina kuma ji da kaina a kai.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Yaya ya rataya kyamara ya bi sojoji kudu. Mahaifiyarmu ta yi kuka, ya ce mata ai ba bindiga zai riƙe ba. Jarida takan karɓi wasu hotunansa, amma ba su ne a ransa ba. Da yawa cikin waɗanda suka tafi ba su iya rubuta wasiƙa ba, iyayensu ma ba su iya karantawa. Sai ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ya aiko fim ta hannun direbobi, ni kuma in wanke in liƙa a allo a ƙofar shago. Wanda ya ga nasa ya san cewa har ranar da aka ɗauka yana numfashi. Ranar Juma'a ba ka samun wurin tsayawa.

A cikin wani fim akwai soja zaune a gadon asibiti, an rufa masa bargo daga ƙugu zuwa ƙasa. Yaya ya haɗo da 'yar takarda: sunansa Audu, uwarsa tana kawo daddawa kasuwar Kurmi duk Juma'a. Ya rame ƙwarai, ga bille a kumatunsa na hagu. Na ce a raina bai kamata uwa ta ga ɗanta haka ba. Na ɗauki fensir na share duhun ƙarƙashin ido, na cike ramar. Hannu ya riga ya saba, ban tsaya ba sai da billen ma ya tafi.

Juma'a ta biyu sai ga wata dattijuwa da ƙwarya a ka, ƙamshin daddawa ya riga ta isowa.

"Sannu, ɗan nan. An ce nan ake ganin sojoji."

"Nan ne, Inna. Duba a hankali."

Ta bi allon da yatsa har ta tsaya a kansa. Ta daɗe.

"Wannan kamar Audu na, har kunnen," ta ce, ta ƙara matsawa. "Amma nawa yana da bille. Ni na riƙe shi wanzami ya yi masa. Wannan ɗan gayu ne. Allah ya mai da shi ga uwarsa."

Mutane suka yi dariya. Ni kaɗai na san gaskiya, kuma magana ɗaya ta isa. Amma wurin cike yake da masu yabon hannuna, na ji kunyar in ce ni na goge. Na ce a raina kafin wata Juma'ar na gyara. Ko sunan ƙauyensu ban tambaya ba.

Ran nan na sa auduga na cire fensirin, na sake wankewa, billen ya dawo. Ita ce ba ta dawo ba. Da na je layin masu daddawa, suka ce masu ɗa a soja ai suna da yawa, wacce daga ciki?

Ranar da Yaya ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya ce, "Sani, uwar Audu ta zo?" Na gaya masa komai. A nan na ji cewa babu ƙafa ɗaya a ƙarƙashin bargon nan, kuma Audu ya ce ba zai koma gida ya zama kaya ba sai in uwarsa ta gan shi ta aiko ya zo. Yaya bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Fensirin nan na 'yan biki ne. Waɗancan ba kyau suke nema ba, so suke a gane su." Ya aika asibitin, aka ce an ɗauke Audu, ba a san inda aka kai shi ba. Shekaru ya yi yana bin kasuwannin ƙauye da hoton a aljihu. Bai sake tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma shirun nan ya fi mini duka zafi.

Kwanaki a wurin wani suna, jikata Hauwa ta ɗauke ni hoto da waya. "Angona, ka ga ka koma saurayi," in ji ta. Na duba, fuska sumul, ba alamar shekara tamanin. Na ce ta mayar mini da tsufana. Da Yaya yana nan, na san zai ce fensirina ne ya shiga waya, mu yi dariya. Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne hotunan faɗa da ke yawo yanzu, tun hayaƙi bai kwanta ba sun shiga kowane gida, ana ta turawa. Zai tambaya: sunansa wa? Uwarsa tana ina?

Da Yaya ya rasu, bai bar gida ba, bai bar mota ba. Kyamarar ta yi tsatsa, damina ta cinye yawancin fim ɗin. Amma har yau wata tsohuwa takan tsayar da ni a hanyar masallaci ta ce a allonmu ta ga mijinta. Wannan nasa ne, Allah ya kai masa ladan. Nawa kuwa yana rataye a zaurena: soja a kan gado, da bille a kumatun hagu. In a gidanku an taɓa yin Audu, ɗan mai daddawa, da ya tafi yaƙi aka daina jin labarinsa, ku sani ya aiko. Ni ne ban isar ba.