Neman Aure Babu Kik

Jif ɗin da nake hawa ta girmi babban ɗana. Irin waɗanda malaman gona suke shiga daji da su ce, a gwanjo na saye ta, kuma ko a rairayi ko a taɓo ba ta taɓa kunyata ni ba. Ciwonta ɗaya ne, kik, wato ɗan injin nan da yake juya babban inji idan an murɗa makulli. Da ya fara tsufa, sai in murɗa in ji ƙas, shiru. Sai in sauko in ɗaga murfin inji, in yi bisimilla, in ƙwanƙwasa shi da guntun rodi, ta tashi. Mun daɗe a haka, har rodin ya sami mazauni a ƙarƙashin kujera.

Ana nan sai maganar auren ɗan nawa ta taso. Yarinyar 'yar wani gida ce a Gobarau, kuma mun ji ƙishin-ƙishin cewa akwai wasu masu nema, masu motoci irin waɗanda ba a jin tashinsu. Yaron ya rame, abinci ma sai an matsa masa. Aka sa mana ranar da ni da yayana za mu je mu ga baffanta, wanda shi ne waliyyi.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, ka ari mota. Kada ka je gidan mutane kana dukan ƙarfe."

Na ce mata ba zan ara ba, gyarawa zan yi. Na kai wa bakaniken da yake duba min ita a nan Ƙofar Kaura. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance kik ɗin, ya warware shi a kan buhu, ya nuna min wasu 'yan gawayi da suke ciki, sun cinye kamar alƙalamin karan da aka fiƙe har ya ƙare.

Ya ce, "Malam, wannan ba duka yake so ba, sabon burushi yake so, wato 'yan gawayin nan. Ka dawo ran Asabar da safe, ko hararar ta ka yi za ta tashi."

Aka tura min motar na kai ta gida, kik ɗin yana wajensa. Asabar ɗin ita ce ranar tafiyarmu. Na je da safe na tarar da kwaɗo a ƙofar shago. An yi masa rasuwa a ƙauyensu, ya tafi, kik ɗina yana ciki a kulle. Na yi wa mamacin addu'a, na dawo gida a ƙasa.

Shawarar da na yanke mai sauƙi ce. Mutanen majalisar ƙofar gida su tura mu, in mun isa in bar ta a kunne har mu fito. Yayana ya shigo cikin babbar riga mai sitaci, ya zauna a gaba kamar an dasa shi, aka tura, muka tafi.

Lungun gidan ba ya cin mota, sai na tsaya a bakinsa, daidai wani ƙaramin masallaci. Ban kai ga rufe ƙofa ba ladan ya leƙo yana tari.

"Bawan Allah, za mu ta da La'asar. Hayaƙin nan har mihirabi."

Me mutum zai ce? Na murɗa makulli, ta yi shiru, muka bi jam'i.

A zauren waliyyin an shimfiɗa darduma, an kawo ruwa da fura. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ba ya gaggawar magana, tare da shi akwai ƙannensa biyu. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, aka sake gaisawa. Yayana ya gabatar da abin da ya kawo mu, ya yi kyau ƙwarai. Ni kuwa rabin hankalina yana bakin lungu. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu.

"To, mun ji, mun kuma gode. Amma ɗiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ku ba mu lokaci a yi shawara, sai ku dawo ku ji."

Ni dai na san wani lokaci daga irin wannan amsar ba a sake kiran mutum. Aka shafa fatiha, muka miƙe. Su ma suka miƙe suna neman takalma.

A nan na tuna da rakiya. Mutumin kirki a garin nan ba ya sallamar baƙo a bakin zaure, sai ya taka masa har inda ya ajiye abin hawansa, ya tsaya ya ga tashinsa. A ƙofar gida na ce, "Alhaji, a koma haka, an gode." Ya ce haba. A kwanar lungu na sake cewa, har na riƙe masa hannu. Ya ce, "Malam, ai ko a Ƙofar Kwaya kuka aje ta sai mun kai ku."

Muka shiga mota. Suka jeru su uku, hannuwa a baya. Na ɗaga musu hannu, suka ɗaga min. Na gyara madubi. Na gyara hula. Na murɗa makulli, ko da yake na san abin da zai amsa min yana kulle a Ƙofar Kaura. Ko ƙas ɗin da na saba ji babu.

Yayana ya ce ƙasa-ƙasa, "Ja mu da addu'a, ko sa gaji."

Na leƙa ta taga na ja doguwar addu'a, ta iyaye, ta malamai, ta damina. Suka amsa da amin har ƙarshe, suka shafa, ba wanda ya motsa.

"Lahiya dai, Malam?" in ji waliyyin.

Na gaya masa gaskiya. Ya dubi motar tun daga gaba har baya. Sai na ga ya tattare babbar rigarsa ya aza a kafaɗa, ya ce wa ƙannensa, "Ku kama." Ya zagayo wajen yayana ya ƙwanƙwasa gilashi. "Alhaji, kai ma sauko. Ba za mu tura ka kana zaune ba."

Wurin rairayi ne, kuma jif ɗin ba ta san girman kowa ba. Turin farko ta yi tari ta mutu. Na biyu takalmin yayana ya tsinke. Ina jin dattijon a baya yana cewa, "Sa mata giya ta biyu, Malam! Kada ka saki kuloci sai na ce!" Mai shayin bakin titi da ladan suka shigo ciki. Da ya ce saki, na saki, ta yi tsalle, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta kama.

Na taka kuloci na tsaya ina ba ta wuta. Dattijon ya iso taga yana haki, hularsa a hannu, gemun ya yi toka-toka.

"Malam, mun ba ku. Na ba ɗanka ɗiyar nan, ga shaidu. Ba sai kun dawo jin amsa ba."

Ƙaninsa ya ce, "Yaya, shawarar fa?"

"An yi ta a bayan mota. Goro kuma ku aiko da shi a kan babur."

Bayan sadakar uku bakanike ya dawo. Na yi masa gaisuwa, sannan na zauna a benci ina kallo ya sa sabon burushi, ya wanke cikin da fetur, ya mayar ya ɗaure. Murɗawa ɗaya ta tashi, har na ɗan ji kewar rodin.

An ɗaura aure, yanzu har da jikoki. Ina zuwa gaishe da dattijon lokaci-lokaci, kuma bai daina yi min rakiya ba. Sai dai kafin ya sa takalmi yakan tsaya a bakin zaure ya tambaye ni, "Yau da kik ka zo, ko in kira su ladan?"