Alhaji Bala da Fassarar Tashin Duniya

Duk wanda ya taɓa cin shinkafar kabsa a gidan marigayi Alhaji Bala a unguwar Malaz ya san ba a cinta a tashi lafiya. Ana idar da Juma'a zai cafke maka hannu har mota. Kana gama suɗe yatsu sai ya miƙe ya kashe mukayyif, wai ƙarar na'urar sanyin tana shiga rikodin. A Riyad fa! A tsakiyar zafi!

Rikodin me? Ku kun sani, amma bari in faɗa saboda baƙi. Akwai wani tsohon fim ɗin barkwanci na Turawa, marar kala, inda manyan sojoji da shugabanni suka haɗa wautarsu suka tashi duniya da bam ɗin nukiliya. Shi Alhaji aikinsa a asibiti gashin masu ciwon daji ne da na'ura, sai ya riƙe fim ɗin nan kamar karatu. Ya rantse sai ya fassara shi da Hausa, yadda ake yi wa finafinan Indiya a gida, kuma da muryoyinmu.

Duk saboda 'yarsa Zainab yake yi. A nan aka haife ta, Larabci ya cinye mata baki. Ya yi mata Hausa, ta mayar masa da Larabci. Abin yana ci masa rai. "Yarinyar da ba ta taɓa yin dariya da Hausa ba," in ji shi, "ranar da iƙamata ta zama a ƙasar nan ta ƙare, da wa za ta yi hira a Gusau?"

Niyya mai kyau, ban musa ba. To amma ni me na yi masa? Mutum da mutuncina, ina ba da magani a unguwar Ulaya, sai ya ba ni muryar mahaukacin janar ɗin da ya jawo bala'in.

Na ce, "Haba Alhaji! Ga likitoci, ga injiniyoyi, me ya sa sai ni?"

Ya ce, "Malam Ɗanjuma, kai kaɗai ne ba sai an koya maka ba."

Kun ji fa! Daga ranar sunana ya ɓace. Har uwargida Janar take ce mini.

Muryar shugaban ƙasa kuwa Malam Isufu ya ba, ɗalibin nan ɗan Maraɗi. An zo wurin da shugaba zai buga wa abokin gaba waya cikin gaggawa, sai Malam ya gyara zama ya fara: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙoƙari.

Alhaji ya daka tsawa: "Malam, jirage suna sama da bam!"

Malam ya ce, "Alhaji, ko duniya za ta tashi, ni ba na kiran mutum ban gaishe shi ba."

Sai Alhaji ya ce, "A bar shi haka. Da kai ne shugaban, da ba a yi yaƙin ba."

Sai maganar ƙarar bam. Wai ta cikin fim ɗin ba ta da ƙarfi. Bawan Allah ya tafi kasuwar Utaiƙa ya sayo ƙaton farantin ƙarfe irin na walima, ya sa ni riƙe waya a ƙasan matakala, ya sako shi daga hawa na uku. Wallahi har yau kunnena na hagu bai dawo daidai ba. Mai gadin gidan ya fito a guje ba takalmi yana salati. Alhaji ya leƙo daga sama: "Ma fi mushkila, ya akhi, ba matsala ɗan'uwa, duniya ce kawai ta ƙare."

Kuma ba ka iya masa. In ba ku yi dariya ba, ya ce ku gumaka ne. In kun ƙyalƙyale, ya tsayar da fim ɗin ya ce, "Dariyar me? Kun taɓa ganin fatar da wutar nan ta lasa? Ni kullum ina gani."

Ita kuwa Zainab ta ajiye mana shayi ta wuce, ko murmushi babu. Na ce, "Alhaji, haƙura, yarinyar nan ba ta ji." Ya ce, "Janar, koma bakin aiki."

Bai gama fassarar ba zuciya ta ɗauke shi. Ranar muna cike a falon, manya suna ta ɗaga murya kan wa zai je asibiti, wa zai nemi kafilin da ya tsaya masa a ƙasar, kowa na ba da umarni, babu mai motsi. Sai ga Zainab a bakin ƙofa, ido jajir, ta ce da Hausa tsantsa, da kakkausar muryar nan tawa ta janar:

"Kai, taron shashashai, ku rufe mana baki! A tashi a yi aiki!"

Malam Isufu ne ya fara dariya, ita ma ta fashe da ita, dariyar ta juye mata kuka.

Ashe tana ji. Duk Hausar da ke cikin gidan nan, ta mahaukaci ta ɗauka! Ban yafe wannan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da ya gasa mu shekara da shekaru don ya ji wannan, shi kaɗai ne bai ji ba.

Allah ya jiƙanka, Alhaji. Allah ya sanyaya makwancinka, ya raya maka Zainabu.