Randunan da Deok-su ya bari a soro

Ƙanina Byeon Deok-su ya fara da kasko ɗaya a bayan tashar jirgin ƙasa ta Daegu, yana soya kaji. Cikin shekara ashirin kaskon ya zama shago goma sha ɗaya, kowanne da hotonsa a ƙofa yana washe haƙora. Mutane suna cewa yana da kai. Ni da na goye shi na san kan nasa, ba wani abin a zo a gani ba ne. Miyar da ake tsoma kazar ciki ce ta yi masa suna, kuma Inna ce ke haɗa ta.

Sirrin yana cikin randuna bakwai a saman soron tsohon gidanmu, cike da baƙin ruwan waken soya. Daga kakarmu Inna ta gaje su. Duk shekara a zuba sabo a kan tsoho, ba a taɓa bari randa ta ƙafe, don tsohon ne ke ba sabon ɗanɗano.

Da Inna ta fara mantuwa, sai gogan ya sayar da gidan, ya mai da ita hawa na goma sha huɗu a wani dogon bene. Na ce, "Randunan fa?"

"Yaya, ke kullum kina baya. Kamfani zai haɗa mana irinsa a roba."

Da aka zo rushe gidan, motar rusau ta haɗa da su. Ban hana ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Ba a yi wata uku ba tsofaffin masu saye suka fara ture faranti. Ba wanda ya yi faɗa, sun daina zuwa ne kawai. Shaguna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har saura na bayan tasha. Deok-su ya rame, wuya kamar na kazar da yake figewa. Ya bi ƙauyuka da kwalba yana durƙusa wa tsofaffin mata, su sam masa ko ludayi guda na ruwan randunansu. Wasu suka ba shi, amma randar kowane gida da nata ɗanɗanon.

Ya haɗa miya sau arba'in da wani abu. Ran nan ya zo mini da kwano.

"Wannan ta yi kusa, Yaya. Idan Inna ta gane ta, na tsira. Idan ba ta gane ba, ran Litinin zan sauke allon shagon."

"Wadda ba ta gane fuskarka ba ce za ta gane miya?"

"Harshe ba ya mantuwa. Taso mu je."

Muka same ta bakin taga tana shan hantsi. Ya durƙusa, ya yago tsokar kaza, ya tsoma a miyar, ya sa mata a baki. Ta daɗe tana taunawa, sannan ta shafa kansa.

"Bawan Allah, wa ya dafa maka wannan? Ba ka da uwa ne?" Ta jawo hannunsa. "Ka je gidanmu ka ce ɗana Deok-su ya ɗebo maka a randa ta uku. Yaron kirki ne, shi ke kula mini da su."

Ya ce, "To, Inna. Zan faɗa masa."